Jar Ƙaguwa da Ɓacewar Talibambam a Wani Kududdufin Lambu a Legas

Wurin da mutanensa

A gefen hanyar Legas zuwa Badagiri, a yankin Ojo, akwai wata 'yar fadama da Hausawa masu lambu suka daɗe suna nomawa. Mutum 9 ne ke aiki a cikinta, yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Kano da Jigawa waɗanda zama ya kama su a Kurmi, kuma shugabansu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, wanda ya haura shekara 20 a wurin. Suna shuka alayyahu da lalo da latas da albasa mai lawashi, 'yan sari su zo da asuba su saya.

A ƙarshen lambun ta kudu akwai wani kududdufi da masu buga bulo suka bari bayan sun kwashe yashi. Tsawonsa mita 14 ne, faɗinsa mita 9, kuma ko ya cika maƙil ruwan ba ya wuce ƙugun babban mutum. Yana fara tara ruwa a Afrilu, ya batse a Yuni lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi, ya ɗan ja baya idan sama ta ɗauke a Agusta, ya sake cika a Satumba da Oktoba, sannan ya yi ta janyewa har ya ƙafe a ƙarshen Janairu. Daga nan zuwa Maris busasshen taɓo ne mai tsattsagewa, yara na ratsawa ta kansa. Babu hanyar ruwa da ta haɗa shi da waje, amma kimanin mita 200 daga bakinsa akwai babbar kwata da ke gangarawa zuwa rafi.

Wannan ƙafewar ta shekara-shekara ita ce gatan kwaɗi. Yawancin kifaye ba sa iya zama a ruwan da ke bushewa, saboda haka ƙwai da talibambam suna samun makonnin da suke bukata su girma ba tare da babban maƙiyinsu ba. Iri uku ne suka fi amfani da kududdufin. Akwai kwaɗon gida mai kaushin fata, wanda macensa ke zuba dubban ƙwai a jere cikin yauƙi kamar dogon carbi mai baƙaƙen duwatsu. Akwai burduddugi, babban kwaɗon ruwan nan da ake busarwa a Arewa a kawo kasuwannin Kudu. Sai ƙananan kwaɗi masu hawa ciyawa, waɗanda ba a cika ganinsu ba sai dai a ji ƙararsu da dare. Baba bai taɓa ɗaukar kwaɗo abin sha'awa ba, amma ya san cewa duk wanda ya kwana a cikin kunyar alayyahu gyare da tsutsa yake ci, kuma ya hana yaransa kashe su.

Shekara ta farko, Oktoba zuwa Janairu: shigowa

Ɗan ƙanin Baba, wani saurayi da ke aiki a shagon sayar da kifin ado a cikin gari, shi ne ya kawo abin. Shagon ya tashi, aka bar masa ragowar wasu jajayen halittu masu awartaki biyu a gaba, kimanin guda 30, kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ya ji ana cewa baƙi 'yan ƙasashen waje suna sayen irinsu da daraja a gidajen abinci, sai ya yi tunanin kiwo. A watan Oktoba ya juye su a kududdufin bai shawarci kowa ba, domin a ganinsa ruwan banza ne da ba mai shi, kuma ya riƙa watsa musu dusa da kayan cikin kifi lokaci-lokaci.

Da ruwan ya ƙafe a Janairu ya zo kwasar dukiyarsa, bai tarar da komai ba sai ɓawo kaɗan a kan taɓo. Ya yanke cewa balbela da zalɓe sun cinye su. A ranar ne ya gaya wa Baba abin da ya yi. Baba ya ce masa, "Allah ya kiyaye gaba, amma wani karon ka riƙa tambaya," maganar ta wuce a haka.

Shekara ta biyu, Afrilu zuwa Yuni: alamun farko

Ruwan farko ya sauka a Afrilu, kududdufin ya tara, kwaɗi suka cika dare da kuka kamar yadda suka saba. Da safe ana ganin carbin ƙwai a naɗe jikin ciyawar bakin ruwa. A shekarun baya, cikin mako guda gefen ruwan kan yi baƙi ƙirin da talibambam, har mai ɗiban ruwa sai ya kaɗa su kafin ya tsoma bokiti. A wannan karon ƙwan kan kwana ɗaya ko biyu ya ɓace, kuma talibambam ɗin da aka gani ba su kai a cika tafin hannu da su ba.

A cikin Mayu ruwan ya canza kama. Da garau yake ana hango ƙasa, sai ya koma jagwalgwalo kamar an dama kunu, ciyawar da ke cikinsa ta riƙa tasowa sama a guntule. A Yuni wani yaro ya shiga wanke ƙafa wani abu ya datse masa babban yatsa har jini ya fito. A wannan watan ne kuma aka fara ganin ramuka a gaɓar kududdufin da cikin kunyoyi biyu da suka fi kusa da shi, bakin kowane da tulin taɓo kamar ƙaramin suri, kuma dashen latas da ke wurin ya riƙa kwana a yanke. Masu lambun suka raɗa wa halittar suna jar ƙaguwa, kuma da wannan sunan za a kira ta a nan, ko da yake jikinta dogo ne mai wutsiya, ya fi kama da jatan lande.

Shekara ta biyu, Yuli: gano ko mece ce

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare da ke kusa, kuma na daɗe ina sayen ganye a wurin Baba. Ranar wata Asabar ya ajiye mini bokiti a gaba ya ce, "Malam, duba mini wannan. Kwaɗi na kuka kamar kullum amma ba 'ya'ya, kuma ruwa ba ya tsami banza."

Babbar da ke cikin bokitin ta kai santimita 11, ja ce mai duhu, awartakinta dogaye ne masu jajayen ƙuraje. Siffofinta sun dace da wadda masana ke kira Procambarus clarkii, 'yar asalin fadamun kudancin ƙasar Amurka, musamman jihar Luwiziyana, da arewa maso gabashin Meziko. Sai da na ɗauki lokaci ina raba musu ita da kirefish ɗin da ake aunawa a kasuwa, domin wancan ƙananan jatan landen ruwan gaɓar teku ne da ake busarwa. Ita wannan, duk faɗin nahiyar Afirka babu danginta na asali, sai a tsibirin Madagaska. Duk inda aka gan ta a nahiyar, mutum ne ya kai ta.

Tarihin yawonta kusan iri ɗaya ne a ko'ina: wani ya ɗauke ta don riba, ta kuɓuce masa. An kai ta Japan a 1927 don ciyar da kwaɗin kiwo. An zuba ta a tafkin Naibasha na Kenya wajen 1970, inda ta taimaka wajen cinye bado da ciyayin ƙarƙashin ruwa, ta kuma addabi masunta da lalata kifin da ya shiga koma. An shigar da ita Sifen a 1973 da 1974, daga fadamun shinkafa na kogin Guadalquivir ta bazu, ta kuma ƙetara Fotugal. A 2016 Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin baƙin halittun da aka hana shigo da su da kiwonsu da sayar da su.

Abin da ya fi shafar matsalar Baba shi ne abin da aka gani a Fotugal. A wata fadama da gwamnati ke karewa mai suna Paul do Boquilobo, an ƙirga iri 13 na kwaɗi da danginsu a 1992 da 1993. Bayan jar ƙaguwa ta kafu a wurin aka sake ƙirgawa a 2001, aka samu iri 6 kacal. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar sun nuna tana cin talibambam ɗin da kifi ke tofarwa saboda ɗacinsu. A tsaunukan Santa Monica na Kalifoniya ma tana cin ƙwai da 'ya'yan wani dangin kwaɗo mai wutsiya wanda dafin jikinsa ke kare shi daga sauran maƙiya. A fadamar Doñana kuwa, a kudancin Sifen, an lura cewa talibambam ɗin wani kwaɗon ruwa suna natsuwa su rage motsi idan suka ji warin tsutsar mazari, maƙiyin da suka gada kaka da kakanni, amma warin jar ƙaguwa ba ya gaya musu komai.

Don kada maganar ta tsaya a labarin ƙasashen nesa, mun yi gwaji a gaban kowa. Muka cika baho biyu da ruwan sama, muka sa talibambam 20 da carbin ƙwai mai tsawon taƙi ɗaya a kowane, waɗanda muka ɗebo daga wani ramin ruwa a bakin titi, sannan muka saka jar ƙaguwa biyu a baho ɗaya. Bayan sallar isha muka haska tocila ta gefe. Ba ta bin kowa da gudu. Tafiya take a hankali a ƙasan bahon tana lalube da ƙananan ƙafafunta, da ta taɓa carbin sai ta riƙe shi ta riƙa jawo shi zuwa baki kamar mai zuƙar taliya, tana tsince ƙwan tana barin yauƙin. Talibambam kuwa da dare ƙasa suke kwanciya, har ta zo ta taɓa su ba sa gusawa, sai ta cafke wutsiya. Da gari ya waye guda 3 suka rage a wannan bahon, biyu daga ciki ba wutsiya, ƙwai kuma babu ko ɗaya. A ɗaya bahon duka 20 suna nan, ƙwan har ya fara motsi. Saurayin da ya kawo su ya daɗe tsaye a kan bahon, sannan ya ce, "Baffa, a yafe mini, garin neman ƙiba na samo rama."

Shekara ta biyu, Yuli zuwa Disamba: dabaru huɗu da ba su kai ba

Abu na farko da aka yi shi ne kamu. Aka samo gura 10 daga wani masunci, aka riƙa sa kan kifi a ciki da yamma a ɗaga da safe. Makonnin farko kowace safiya ana cika rabin bokiti da manya, ana dafa su nan take a ci ko a ba kaji, domin an yi ƙa'ida cewa ko ɗaya ba za ta bar lambun da rai ba. Zuwa Satumba manyan sun yi ƙaranci, aka fara murna. Sai dai duk wanda ya ja rariya a cikin taɓon bakin ruwa zai ɗago ƙanana masu tsawon farce rututu. Gura manya take kamawa, musamman maza masu yawo, ƙanana kuwa ficewa suke ta idon ragar, mace mai ɗauke da ƙwai kuma tana cikin rami ba ta fita kiwo. Tun da manyan kan ci ƙananan, kwashe su ya ba na ƙasa sarari su taso.

Na biyu shi ne tarwaɗa. A farkon Satumba aka sayo 'ya'yan tarwaɗa 50 masu tsawon yatsa aka zuba, da fatan za su cinye ƙananan. Kifin bai kai girman da zai haɗiye abu mai ɓawo ba, sai ya koma kan abin da ya fi taushi, wato talibambam ɗin ruwan Satumba, waɗanda dama kaɗan suka tsira. Wasu kifayen kuma suka bi ruwan sama da dare suka fice, kamar yadda tarwaɗa ta saba.

Na uku ba da shawarar kowa aka yi shi ba. A Oktoba ɗaya daga cikin masu lambun, wanda kunyoyinsa ne suka fi lalacewa, ya tsiyaya fiya-fiya a kusurwar kududdufin da dare. Da safe ruwan ya rufe da matattun ƙwarin ruwa da tsutsar mazari da ragowar kifin, har da manyan kwaɗi biyu. Jar ƙaguwa da dama sun mutu, amma waɗanda ke cikin rami ba abin da ya same su, wasu kuma suka fito tudu suka kama hanya. An tsinci guda 7 a cikin kunyoyi, ɗaya a nisan mita 60 ta fuskar kwatar. Aka hana ɗiban ruwan da cin abin da aka kama har ƙarshen shekara. Baba ya tara mutanensa ya ce musu, "Ganyen nan mutane ke ci. Duk wanda ya sake zuba magani a ruwan nan ya nemi wani lambun."

Na huɗu shi ne gaggauta rani. A farkon Disamba aka sa injin ban ruwa aka zuƙe kududdufin ta cikin ƙyallen gidan sauro, aka tsince duk abin da ke motsi a kan taɓo, aka bar rana ta yi aikinta wata huɗu maimakon biyu. A Fabrairu na haƙa rami ɗaya don in gani. Saman ƙasa ya bushe ƙamas, amma bakin ramin a toshe yake da taɓo, kuma da muka kai zurfin santimita 70 sai ga ruwa ya taru a ƙarshensa, ga mace kwance a ciki da ɗaruruwan ƙwai manne a ƙarƙashin wutsiyarta. Ƙasar wannan yanki yashi ce, ruwan ƙasa kuma a kusa yake ko da rani. Abin da ya sa masu lambu ke samun ruwa a gajeruwar rijiya shi ne ya raya ta.

Shekara ta uku, Maris zuwa Mayu: sabon ruwa da shingen da aka kafa a baibai

Tun da tsohon kududdufin ya gagara, muka yanke shawarar yi wa kwaɗi wani wurin. A Maris aka haƙa rami a arewacin lambun, mita 90 daga tsohon, tsawon mita 5, faɗin mita 4, zurfin santimita 40, gefensa a kwance. Aka shimfiɗa masa tamfol irin na masu kiwon kifi, aka zuba yashi mai kaurin yatsa uku a kai. Manufar tamfol ɗin ita ce ko da jar ƙaguwa ta shiga ba za ta iya haƙawa zuwa danshi ba, kuma idan rani ya zo za a iya ɗage shi a shanya.

Ni na ba da shawarar a kewaye sabon ramin da langa-langa don kada ta shiga, kuma aka samo tsofaffin kwanonin rufi daga 'yan gwangwan aka kafa. Da ruwan Afrilu ya sauka muka je da tocila, muka tarar da kwaɗin gida sun yi layi a gindin shingen suna dungure da kwano. Kwaɗon gida ba gwanin tsalle ba ne, abin da ya tare jar ƙaguwa ya tare shi. Bayan dare biyu suka haƙura suka koma tsohon kududdufin, inda matan jar ƙaguwa suka riga suka fito daga ramuka da 'ya'yansu, kwaɗin suka zuba ƙwai, aka cinye.

Baba ne ya warware wannan. Ya dubi shingen ya ce, "Malam, ai ɓarawo ake ɗaurewa, mu kuma mun ɗaure mai gida." A makon farko na Mayu aka tumɓuke kwanonin, aka ƙaro wasu, aka kewaye tsohon kududdufin da su. An ja shingen baya mita 2 daga bakin ruwa don ya haɗa da ramukan gaɓa, santimita 50 a sama, santimita 30 a binne, kowane kwano ya hau kan ɗan'uwansa ba tare da kafa ba, sandunan da suka tallafe shi kuma suna ta waje don kada a hau ta kansu. A ciki, a gindin shingen, aka binne bokiti 6 bakinsu daidai da ƙasa. Ramukan da suka rage a waje, cikin kunyoyi biyun nan, aka haƙe su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ta uku, Mayu zuwa Nuwamba: aiki a cikin shinge

Da aka tabbatar kwaɗin gida ba sa iya shiga, sai aka dawo da tarwaɗa, amma a wannan karon manya 12, kowace ta haura rabin kilo, kuma ba a ba su abinci ko sau ɗaya ba. Aka lulluɓe gurorin da raga mai ƙananan ido. Saurayin nan ya ɗauki aikin dare a kansa: duk daren da aka yi ruwa yakan zagaya cikin shingen da tocila, domin a irin wannan daren ne jar ƙaguwa ke fitowa ta bi gindin kwano tana neman mafita har ta faɗa bokiti. Duk carbin ƙwai da aka gani a wani ruwan da zai bushe da wuri, kamar sawun tayar mota, aka riƙa ɗaukarsa a bokiti ana kai wa sabon ramin.

A tsakiyar Yuni gefen sabon ramin ya yi baƙi da talibambam, kuma kafin watan ya ƙare ƙananan kwaɗi masu girman ƙwayar gyaɗa suka fara fita suna shiga kunyoyi, har sai da Baba ya ce a riƙa duba ƙasa kafin a taka. Sau ɗaya aka ga jar ƙaguwa a sabon ramin, a Yuli, kuma tun da ba ta da wurin ɓuya a kan tamfol aka ɗauke ta da hannu. An yi asara ta wani gefen, domin burduddugi yana tsallake shingen ya faɗa tsohon ruwan, kuma duk abin da ya zuba a can tarwaɗa ta cinye. Kamun gura ya yi ta raguwa, kuma zuwa Nuwamba rariya ba ta ɗago ƙanana sai jefi-jefi. Da aka fasa cikin tarwaɗa biyu an tarar da guntayen jan ɓawo.

Disamba zuwa Maris: haƙar ramuka

A Disamba aka sake zuƙe ruwan, aka kwashe kifin. Bambancin wannan karon shi ne tun ruwan na janyewa ake bin gaɓa kowace safiya ana soka tsinke a bakin duk sabon rami, domin idan ƙasa ta tsattsage ba a gane shi. An soka tsinke 84. Daga Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, bayan an gama ban ruwan yamma, mutum biyu kan haƙa ramuka huɗu ko biyar, suna bin hanyar ramin da hannu har ƙarshensa. Mafi zurfi ya kai mita ɗaya da ɗan ɗori. An samu mai rai a 51, mata 19 daga ciki suna ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya. Bayan haka aka barbaɗa farar ƙasar da masu kiwon kifi ke tsabtace tafki da ita a cikin kowane rami, aka mayar da ƙasa aka daddaɓe.

Shekara ta huɗu da ta biyar: sakamako

A shekara ta huɗu an bar shingen yadda yake, an mayar da manyan tarwaɗa 6, an ci gaba da gura da bokiti. An kama guda 9 a Afrilu da Mayu, ɗaya a Yuni, daga nan ba a sake kama ko ɗaya ba. Da rani ya zo ba a ga sabon rami ba. A shekara ta biyar ba a sa kifi ba, an bar gura 4 suna kwana a ruwa duk damina, kuma ba abin da suka kama sai ƙwarin ruwa. An kuma riƙa jefa gura a bakin kwatar sau ɗaya a wata tun daga shekara ta uku, ba a taɓa ɗago jar ƙaguwa a can ba.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Dabarun farko sun gaza ne saboda duk an gina su a kan abin da mutanen suka sani game da kifi: a kama shi, a sa masa magani, ko a ƙafar da ruwa ya mutu. Jar ƙaguwa tana da mafita biyu da kifi ba shi da su, wato rami da tafiya a tudu, kuma duk matakin da bai toshe waɗannan biyun ba ragi kawai yake yi, ita kuma mace ɗaya da ta tsira ta isa ta sake cika wurin a damina guda. Shinge ya toshe tafiya, haƙa ta toshe rami. Gura da tarwaɗa, waɗanda suka gaza a shekara ta biyu, sun yi amfani a ta uku saboda an canza tsarinsu: an fitar da kwaɗi daga wurin tukuna, an sa kifi mai girman da zai iya, kuma ragin da suka yi shi ne ya sa ramukan suka zama 84 da za a iya haƙewa da hannu maimakon ɗaruruwa.

A ganina matakin da ya fi kowane muhimmanci ga kwaɗin shi ne raba ruwan biyu. Kwaɗo ba ya gane kududdufin da ya zama tarko, zai ci gaba da zuba ƙwansa a inda ya saba har zuriyarsa ta ƙare a wurin. Manyan kwaɗin da ke lambun sun yi damina guda ba magaji, kuma da an jira sai an gama da jar ƙaguwa kafin a yi musu wani ruwan, da sun yi uku. Kuskuren kafa shingen a sabon ramin nawa ne, kuma ya jawo asarar ƙwan Afrilu gaba ɗaya. Fiya-fiya kuwa shi ne mataki mafi haɗari da aka ɗauka, domin shi ne ya kusa kora ta cikin kwata.

Dole a faɗi cewa wurin ne ya ba da dama. Kududdufi ne ƙarami, a ware, ga mutum 9 da ke wuni a bakinsa kullum, kuma an farga cikin wata 9 da zuba ta. A tafkin Naibasha ko fadamun Guadalquivir ba mai iya kewaye ruwa da kwanon rufi, shi ya sa a irin waɗannan wuraren ake maganar rage ta kawai. Da ta kai rafin da kwatar ke zuba ruwa a ciki, da lamarin ya fi ƙarfin masu lambu.

Kududdufin bai koma yadda yake ba tukuna. Ruwansa ya washe, amma ciyawar cikinsa ba ta dawo sosai ba, kuma ƙananan kwaɗin masu hawa ciyawa ana jin su ne kawai a sabon ramin, inda aka dasa musu 'yan tsirrai a tsofaffin bokitai. A damina ta biyar an cire kwano biyu ta arewa don kwaɗin gida su shiga, kuma sun hayayyafa. Sauran shingen yana nan, domin Baba ya ce ba za a taɓa shi ba sai an ƙara rani biyu ba a ga tulin taɓo ko ɗaya a gaɓa ba, kuma saurayin nan har yanzu shi ke ɗaga gurorin kowace Juma'a da safe.